Histogiram ɗina yana cin lissafi, kwaɗo kuma yana jawo jinkiri: ina mafita?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum malamai. Kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya. Ina da saba, wato shirin da ke karɓar buƙatu yana ba da amsa, da na rubuta da harshen Go, ina so in riƙa auna tsawon lokacin da kowace buƙata take ɗauka kafin a ba ta amsa. Sai na haɗa ɗan histogiram da hannuna, jerin bokitai, kowane bokiti da taƙin lokacin da yake wakilta da lambar ƙirgensa. Buƙata ta gama, in nemo bokitinta, in ƙara ɗaya. Da na gwada da goroutine guda, wato ɗan zaren aiki na Go da ke gudana tare da wasu lokaci ɗaya, komai daidai. Da na saki guda 8, kowanne ya zuba ƙima miliyan ɗaya, ina jiran in ga miliyan 8 cif, sai na ga ƙasa da haka, kuma kowane zagaye lambar daban take fitowa. Na sa sync.Mutex, kwaɗon da ke hana biyu taɓa bokitan lokaci guda, lissafi ya cika, amma yanzu lokaci-lokaci sabar tana ɗan sandarewa, p99 ɗina, wato lokacin da kashi 99 cikin ɗari na buƙatu ba sa wucewa, ya tashi. Abin da na kawo don ya auna jinkiri shi ne ya koma yana jawo jinkirin. Ku taimaka.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Na farkon ba asiri ba ne ƙanena. Wannan count++ da kake gani layi ɗaya, wurin furosesa aiki uku ne: ya ɗauko lambar, ya ƙara mata ɗaya, ya mayar. Zare biyu suka ɗauko 41 lokaci guda, kowa zai mayar da 42, ƙima ɗaya ta bi iska. Ka kunna gwajinka da go test -race, mai gano irin wannan karon, zai nuna maka layin da yatsa.

Na biyun ne nake da tambaya a kai. Buƙata nawa sabar take karɓa a sakan?

Mai Ƙarfe:
Ba sai an yi nisa ba. Cire kwaɗon nan, ka mayar da bokitan atomic.Uint64, ka riƙa kiran Add(1), wanda yake yin aikin ukun nan a taki ɗaya ba mai shiga tsakani. Tun Go 1.19 nau'in yana nan, kuma shi da kansa yake kula da daidaita zamansa a memori, ba kamar da ba da mutum zai kira atomic.AddUint64 a injin bit 32 shirin ya faɗi saboda lambar ba ta zauna a kan iyakar bayit 8 ba. A x86 umarni ɗaya ne, LOCK XADD. A ARM ma tun ARMv8.1 akwai LDADD, ba sai an yi ta zagayen gwada-ka-sake ba.

Amma kada in ruɗe ka, atomik ma ba kyauta ba ne. Furosesa ba bayit-bayit take jigilar memori tsakanin ƙwayoyinta, wato sassanta masu aiki kowanne da kansa, ba, layi-layi take yi, layin kash (ƙaramar ma'ajiyarta mai sauri) kuma bayit 64 ne a yawancin injuna, 128 a M1 na Apple. Kafin ƙwaya ta yi rubutu a layi sai ta ƙwace shi ita kaɗai, kwafin da ke hannun sauran ya lalace. Bokiti 8 masu bayit 8 suna zaune a layi ɗaya. To jinkirin buƙatu kuma ba warwatse yake ba, yawancinsu a bokitai uku ko huɗu maƙwabta suke taruwa. Ka ga ko da zare biyu ba bokiti ɗaya suke taɓawa ba, layi ɗaya suke ja-in-ja a kai. Maganin na gaskiya shi ne kowane ma'aikaci ya sami nasa histogiram, a haɗa su lokacin karantawa.

Tsohon Hannu:
Malam Mai Ƙarfe, ka rubuta magani ba ka ga majinyaci ba. Bari yaron ya amsa tambayata tukuna.

Ɗan Koyo:
Ba su da yawa Malam. Idan abu ya yi zafi ba ta wuce dubu biyar a sakan.

Tsohon Hannu:
To mu yi lissafi. Mu ƙaddara kullewa da ƙarawa da buɗewa suna cin nanosakan 100, kuma na yi musu kyauta a nan. Sau 5,000 ya zama rabin milisakan a cikin kowane sakan. Wannan ba zai sandarar da ko agogon hannu ba. Saboda haka ba masu rubutu ne suke tare wa juna hanya ba. Akwai wani da yake shiga ɗakin ya kulle ƙofa ya daɗe bai fito ba. Nuna mana inda kake karanta histogiram ɗin.

Ɗan Koyo:
Kowane sakan 10 akwai goroutine da yake kama kwaɗon, ya bi bokitan ya fitar da p50 da p99 da p99.9, ya shirya rahoto, ya tura wa wata saba, ya mayar da bokitan sifili, sannan ya saki. Na yi amfani da defer ne a saman aikin, don haka ba ya sakin kwaɗon sai aikin ya ƙare duka.

Ɗan Kallo:
Ya tura wa wata saba yana riƙe da makulli? Innalillahi. Malam ka kama ɓarawon tun bai tsallake katanga ba.

Tsohon Hannu:
Ka gani ko? Duk buƙatar da ta gama aikinta a wannan taƙin, tsaye take a bakin ƙofa tana jiran rahotonka ya je ya dawo. Idan waccan sabar ta yi nauyi na rabin sakan, taka ma ta tsaya rabin sakan.

Gyaran ba shi da wuya. Ka ajiye histogiram biyu. Lokacin karatu ya yi, ka kama kwaɗon, ka musanya wanda ake rubutu a ciki da wanda yake fanko, ka saki nan take. Musayar manuni biyu ce kawai. Tsohon ya zama naka kai kaɗai, ka yi ta lissafinka a kai, ka tura, ka share shi, ka ajiye don zagaye na gaba. Abin da zan ce ka riƙe shi ne, a wannan harka ƙara ɗaya a bokiti kowa ya iya. Inda ake zubewa shi ne wurin ɗauko lambobin yayin da wasu suke ci gaba da zubawa.

Mai Ƙarfe:
Na yarda wannan ne ciwonsa na yau. Amma kwaɗo yana da wani hali da lissafin Malam bai nuna ba. Idan tsarin aiki ya tsige zaren da ke riƙe da shi daga kan ƙwaya a tsakiyar aiki, kowa sai ya jira a dawo da shi. Ba kullum yake faruwa ba, amma mutumin da yake farautar p99.9 ai abin da ba kullum ba shi yake nema. Da atomik babu wanda zai yi barci da makulli a aljihu.

'Yar Lissafi:
Sannunku da ƙoƙari. Malam Mai Ƙarfe, tunda kana tura shi wajen atomik, ya kamata ka faɗa masa abin da zai tarar can.

Ɗan Koyo, histogiram ba bokitai kaɗai ba ne. Galibi akwai jimillar adadi, akwai jimillar ƙimomi don fitar da matsakaici, wani lokaci da mafi girma da mafi ƙanƙanta. Kowannensu atomik ne a kan kansa, amma tare ba atomik ba ne. Mai karatu zai iya zuwa bayan marubuci ya ƙara a bokiti amma bai kai ga ƙara adadi ba. Ko ya karanta adadi, kafin ya gama bin bokitai an zuba ƙima ɗari. Sai ka sami hoton da bai taɓa wanzuwa ba a kowane lokaci: adadi ya ce 1,000, bokitai sun ce 1,007. Idan kana neman ƙima ta 990 cikin bokitan da suka kai 1,007, ba p99 ka samo ba. Idan kuma akasin haka ne, adadin ya fi bokitan, madaukinka zai iya zarce ƙarshen jeri yana neman ƙimar da babu ita.

Sai sharewa. Wanda ya karanta bokiti da Load sannan ya sa masa Store(0), duk abin da ya shigo tsakanin biyun ya salwanta, ciwon farko ya dawo ta taga. Swap(0) ake yi, a ɗauke a share a numfashi ɗaya. Kuma kada ka ajiye adadi daban, ka tara shi daga bokitan da ka ɗauko. Da haka babu ƙimar da za ta ɓace, iyaka wata ta faɗa zagayen yanzu wata ta faɗa na gaba.

Ɗan Koyo:
Malama, to jimillar fa? Da float64 nake tara ta, kuma na duba ban ga atomik na float a Go ba.

'Yar Lissafi:
Babu. Masu yi suna ajiye ta a matsayin uint64 ne, su ɗauko, su juya da math.Float64frombits, su ƙara, su gwada mayarwa da CompareAndSwap, idan wani ya riga su su sake daga farko. A C++20 an ba atomic<double> fetch_add, Java kuma tana da DoubleAdder. Ni dai shawarata, tunda lokaci kake aunawa, ka tara shi a cikakkiyar lamba, Add ɗaya ya wadatar. Sai dai ka lura da ma'auni. int64 na nanosakan yana cika a wajen shekara 292, ka ji kamar ba zai taɓa cika ba. Amma idan kullum akwai buƙata 1,000 da ke kan aiki lokaci guda, kowane sakan na agogo kana tara sakan 1,000, sai ya cika cikin kwana ɗari da 'yan kai. Tunda kai kana sharewa duk sakan 10 babu ruwanka. Mai tarawa tun tashin saba kuwa gara ya koma maikurosakan.

Wani amfanin cikakkiyar lamba: tarin float yana canzawa da jerin da aka bi wajen tarawa, zaruruwa kuma ba sa bin jeri ɗaya sau biyu. Gwajin da yake kwatanta jimilla da == zai ci yau ya faɗi gobe.

Mai Gadin Saba:
Ni tambayata ɗaya: me ya hana ka ɗauki laburaren Go na Prometheus, manhajar tattara ma'aunan saba, ka huta? Duk wannan da Malama ta lissafo sun riga sun sha wahalarsa.

Kuma dabararsu ta cancanci a karanta ko ba za a yi amfani da ita ba. Suna da rukunin ƙirge biyu, mai zafi da mai sanyi, da wata lamba ɗaya mai bit 64 da suka kira countAndHotIdx. Bit na can sama yana nuna wane rukuni ne mai zafi, sauran 63 suna ƙirga ƙimomin da aka fara shigarwa. Marubuci ya zo, ya ƙara ɗaya a wannan lamba, amsar da ta dawo masa ita ce take gaya masa rukunin da zai rubuta a ciki. Ya ƙara a bokiti, ya ƙara a jimilla, sai a ƙarshe ya ƙara adadin rukunin, alamar ya gama. Mai karatu kuma sai ya ƙara 1<<63, bit ɗin sama ya juye, sababbin marubuta su koma ɗaya rukunin. A wannan ƙarin guda ya riga ya san mutum nawa suka fara. Sai ya tsaya yana kiran runtime.Gosched har adadin waɗanda suka gama a rukunin da ya huce ya kai na waɗanda suka fara. Daga nan hotonsa cikakke ne. Ya gama, ya juye lambobin cikin mai zafi, ya share mai sanyi. Mai karatu ne yake jiran marubuta, su ba sa jiransa.

Tsohon Hannu:
Mu a Java haka Gil Tene ya yi a HdrHistogram, laburaren histogiram da ya rubuta, da abin da ya kira WriterReaderPhaser. Ajin Recorder a kansa yake zaune: zaruruwa suna kiran recordValue, mai rahoto ya kira getIntervalHistogram ya karɓi na zangon da ya wuce shi kaɗai. Idan ka duba da kyau, musayar nan ce da na faɗa wa yaron, an dai cire kwaɗon daga ɓangaren marubuta. Mutane da yawa suna ɗaukar ajin Histogram na asali su raba wa zaruruwa, alhali ba don haka aka yi shi ba, sai su dawo da irin kukan da aka buɗe zancen nan da shi. Akwai ConcurrentHistogram, akwai SynchronizedHistogram, akwai SingleWriterRecorder idan marubucin ɗaya ne, kowanne da inda ya dace.

Mai Ƙarfe:
Duka biyun sun warware matsalar karatu, ban musa ba. Amma ku duba, countAndHotIdx lamba ɗaya ce da kowane marubuci dole ya taɓa. Layin kash ɗinta yawo zai yi ta yi tsakanin ƙwayoyi. A ƙwaya 4 ba za ka ji ba. A ƙwaya 64 da miliyoyin ƙima a sakan, nan ne wuyan kwalbar. Shi ya sa Doug Lea ya kawo LongAdder da ya shigo Java 8 a 2014: idan ya ga ana karo sai ya rarraba ƙirgen zuwa ɗakuna da yawa, kowanne an yi masa ciko don kada ya haɗa layi da maƙwabcinsa, sai an kira sum() a tara. Kernel ɗin Linux ma yana da taswirar eBPF ta kowace ƙwaya, BPF_MAP_TYPE_PERCPU_ARRAY, don wannan dalilin.

Tsohon Hannu:
Dubu biyar a sakan, Malam. Dubu biyar.

Mai Ƙarfe:
Yau dubu biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsohon Hannu:
Haka ne, amma garin neman gira kada a rasa ido. Bari in nuna maka kuɗin rarrabawar da kake so. HdrHistogram da zai riƙe daga maikurosakan 1 zuwa awa 1 da daidaiton lamba uku yana buƙatar ma'ajin ƙirge 23,552. Kowanne bayit 8, ka sami bayit 188,416, wato wajen KB 185. Ka ba zare 64 kowa nasa, kusan MB 12, ba laifi. Ka ninka biyu saboda musaya, MB 24. To yanzu ka ce kana auna kowace hanya ta sabar daban, hanya 50, ka haura GB 1. Kuma shi wannan yaro a Go yake, inda kowace buƙata da nata goroutine. Ya ba goroutine 10,000 kowa nasa, ya doshi GB 2 a kan ma'auni ɗaya. Sannan goroutine ya mutu da lambobi a cikinsa, wa zai kwashe?

Ɗan Koyo:
Wannan ne ma ya tsayar da ni da na fara tunanin rarrabawa. Go ba ta ba ka lambar goroutine, ba ta kuma gaya maka ƙwayar da kake kai. Na yi tunanin in bi ta channel, bututun da goroutine ke miƙa wa juna saƙo ta cikinsa, kowa ya jefa ƙimarsa, goroutine ɗaya ya riƙa kwasa yana zubawa. Ba shi ne salon Go ba?

Mai Ƙarfe:
An gudu ba a tsira ba. Channel a cikinsa akwai kwaɗo, ga kuma tashin mai kwasa daga barci. Ya fi ƙara ɗaya a ƙarƙashin Mutex tsada. Sannan ranar da ya cika sai ka zaɓa: ko masu jefawa su tsaya, ka koma gidan jiya, ko ka zubar da ƙima. Yaushe yake cika? Lokacin da saba take cikin wahala, wato daidai ƙimomin da ka fi buƙatar gani su za ka zubar.

Idan kana da tsayayyun ma'aikata, ka ba kowa nasa da lambarsa. Idan babu, ka yi rukuni kamar 8 ko 16, ka zaɓi ɗaya da rand na math/rand/v2 da ya zo a Go 1.22, wanda ba ya bi ta kwaɗo na gama-gari. Zai rage karo, ko da yake layukan za su ci gaba da yawo tunda ba a ɗaure rukuni da ƙwaya ba. Rabin magani ne, na faɗa da bakina.

Mai Gadin Saba:
Har yanzu ba a amsa mini ba. Me ya hana Prometheus?

Ɗan Koyo:
Yi haƙuri Yaya. Na fara da shi ne. Bokitansa na asali suna tafiya 0.005, 0.01, 0.025, 0.05, 0.1, 0.25, 0.5, 1, 2.5, 5, 10 na sakan. Yawancin buƙatuna ƙasa da milisakan 5 suke, sai duk suka cunkushe a bokitin farko, jadawalin ya zama miƙaƙƙen layi.

Mai Gadin Saba:
Ai ba wahayi ba ne waɗannan lambobin, kai za ka ba shi naka, akwai ExponentialBuckets. Abin lura dai kowane bokiti jerin bayanai ne mai zaman kansa a sabar Prometheus, ka ninka da kowane lakabi da ka maƙala. Ni na taɓa gadon wani tsari da aka sa lambar mai amfani a matsayin lakabi a kan histogiram, ban ga barci ba a makon nan. Tun siga 2.40 a ƙarshen 2022 kuma sun shigo da sabon nau'i da yake yanka bokitai da kansa, ba sai ka zaɓa ba, kuma bokitin da babu kowa a ciki ba ya cin wuri.

'Yar Lissafi:
Wannan batu na iyakar bokiti ya fi duk rigimar kwaɗo tasiri a kan lambar da za ka kai wa shugabanka. histogram_quantile, mai fitar da kaso a Prometheus, idan ya gano p99 yana cikin bokitin 0.25 zuwa 0.5, ɗauka yake ƙimomin sun bazu daidai a ciki, ya ja layi ya ba ka lamba. Wataƙila duk a 0.26 suke, wataƙila a 0.49. Zai ba ka amsa mai lamba huɗu bayan ɗigo, amma ƙiyasi ne.

Shi ya sa bokitai masu faɗin da ke ƙaruwa da girman ƙima suka fi dacewa da jinkiri. Kuskuren milisakan 1 a kan sakan 10 ba komai ba ne, a kan milisakan 2 kuwa rabi ne. HdrHistogram yana raba kowane ninki biyu zuwa ƙananan bokitai daidai wa daida, yana gano wurin ƙima ta ƙirga sifilan da ke gaban lambar, babu logaridim babu bincike. Na OpenTelemetry yana amfani da tushe 2^(2^-scale), idan ƙimomi suka yi faɗi ya rage scale ya haɗe bokitai biyu-biyu. DDSketch na Datadog da aka wallafa a 2019 shi ma alkawarinsa ke nan, kuskure gwargwadon girman ƙima. Amma ku lura, duk wanda yake sake girmansa ko ya sake yanka bokitai yana tsakiyar aiki, wannan lokacin sai an tsayar da marubuta ko an karkatar da su. Jeri mai tsayayyen girma shi ya fi sauƙin zama lafiya da zaruruwa.

Ɗan Kallo:
Ni ina da saba shida, kowacce tana ba ni p99 nata, ina tarawa in raba shida. Shekara biyu ke nan ba wanda ya yi ƙorafi.

'Yar Lissafi:
Ba su yi ƙorafi ba don ba su da abin kwatantawa. Ɗauki saba biyu. Ta farko ta amsa buƙata 100,000, babu wadda ta wuce milisakan 10. Ta biyu ta amsa 100 kacal, kowacce sakan 2. Lissafinka zai ce p99 milisakan 1,005 ne. Gaskiya kuwa masu jinkirin ba su kai ɗaya cikin dubu ba, p99 na duka bai wuce 10 ba. Ka juya misalin kuma zai ɓoye maka gobara. Bokitai ake tarawa, bokiti da takwaransa, sannan a fitar da kaso daga jimillar. Dokar nan ɗaya ce ko saba shida ne ko zare shida cikin saba ɗaya, kuma sharaɗinta iyakokin bokitan su zama iri ɗaya. Wannan ne ma dalilin da ya sa shawarar Mai Ƙarfe take yiwuwa tun farko.

Ɗan Kallo:
To Malama, a rufa mini asiri, kada mai gidana ya shigo nan.

Tsohon Hannu:
Tunda an zo nan, Ɗan Koyo, da me kake yi wa sabar lodi a gwaji? Idan abin gwajinka yana tura buƙata ya jira amsa kafin ya tura ta gaba, akwai ramin da Gil Tene ya daɗe yana gargaɗi a kai. A ce niyyarka buƙata ɗaya duk milisakan 10. Saba ta sandare sakan 5. A wannan taƙin buƙata 500 ya kamata su fita, kowacce ta ɗanɗani rabonta na jira, amma mai gwajin yana tsaye, sai ƙima ɗaya tak ta shiga histogiram. Masu amfani na gaske ba sa haɗa baki da sabarka su daina zuwa don ta gaji. Ko ka yi lodi da abin da ke riƙe ƙa'idar lokaci kamar wrk2, ko ka auna daga lokacin da ya kamata buƙatar ta fita. A HdrHistogram akwai recordValueWithExpectedInterval da yake cike gurbin: ya shigar da 5,000, sai 4,990, sai 4,980, har ƙasa.

Mai Gadin Saba:
Ƙari ɗaya daga wanda ake tasa da tsakar dare: ka yanke shawara tun yanzu me zai faru idan ƙima ta fita daga iyaka. HdrHistogram na Java jefa kuskure yake idan ta wuce mafi girman da ka faɗa masa, sai in ka kunna masa faɗaɗa kai. Ƙima mai ragi ma haka. Kada ka ce lokaci ba ya komawa baya, agogon bango yana komawa. A daren shiga 2017 da aka ƙara sakan ɗaya a agogon duniya, wani ɓangare na DNS (tsarin fassara sunayen shafuka zuwa adireshi) na kamfanin Cloudflare da aka rubuta da Go ya sami tazarar lokaci mai ragi ya faɗi, su da kansu suka rubuta bayanin. Go 1.9 ce ta sa agogon da ba ya ja da baya a cikin time.Now. Ka yi amfani da time.Since, kada ka cire UnixNano daga UnixNano. Wadda ta yi girma ka tura ta bokitin ƙarshe, ka kuma ƙirga sau nawa hakan ta faru. Ma'auni bai kamata ya kashe abin da yake aunawa ba.

Ɗan Koyo:
Na dawo. Na bar Mutex ɗin, na yi histogiram biyu kamar yadda Malam ya ce, musaya kawai ake yi a ƙarƙashin kwaɗo, lissafi da turawa duk a waje. Adadi daga bokitai nake tarawa, jimilla ta koma int64. Gwajin goroutine 8 yana ba da miliyan 8 cif ko da mai karatu yana musaya a tsakiya, idan na tara duk zangunan. -race ya yi shiru. Tsallen nan na duk sakan 10 ya ɓace daga jadawali. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi.

Na kuma gano abin gwajina irin mai jira ne, don haka lambobin da na kai taro makon jiya sai a hankali.

Mai Ƙarfe:
Madalla. Amma don Allah ka yi abu ɗaya ka kawo mana: rubuta gwajin gudu da b.RunParallel, ka kunna shi da -cpu 1,4,16, ka jera Mutex da atomik da mai rukuni 16. Ina so Malam ya gani da idonsa inda layukan suke rabuwa.

Tsohon Hannu:
Za su rabu mana, tunda a gwajin babu abin da zaruruwan suke yi sai dukan bokiti. Ka ce masa ya sa aikin milisakan ɗaya tsakanin kowace ƙima da ta gaba, kamar yadda sabarsa take yi, sannan ya kawo duka biyun.

Ɗan Koyo:
Zan yi duka biyun in sha Allahu. Sai dai kwamfutata ƙwaya 4 gare ta, wa zai ara mini mai 16?